Ƙararrawar zaman natsuwa da ba ta kaɗawa idan allo ya mutu

Alhamdu lillahi, ta gyaru. Matsalar ita ce in saita minti 20 a manhajar auna lokacin zaman natsuwa da ke wayata, da ƙararrawa duk bayan minti 5, amma da allon waya ya mutu sai shiru. Wani lokaci ta kaɗa a makare.

Na ƙure sauti, na goge manhajar na sake sauke ta, na gwada wata daban. Duk a banza.

Ashe tsarin tattalin batir na Android ne ke kwantar da ita idan waya ta jima a ajiye. Na shiga Settings, Apps, sunan manhajar, Battery, na zaɓi Unrestricted. Sannan a Special app access na buɗe Alarms & reminders na kunna mata. Wannan izini ya fara ne daga Android 12, kuma in babu shi manhaja na iya kasa kaɗawa a daidai minti. A Do Not Disturb kuma na bar Alarms a buɗe.

Kafin ka zaɓi kowace manhaja, saita minti 15, kulle allo, ajiye wayar kan tabarma kada ka taɓa ta. Gwajin minti 2 yaudara ne, wayar ba ta kai ga yin barci ba.