Yadda za ka kama kurakuran manhajarka a log, ka kuma iya karanta su

Mai makaranta a Ƙofar Ƙaura ya kira ka: mahaifin wani ɗalibi ya biya kuɗin zango ta manhajar da ka gina, banki ya cire kuɗin, rasit bai fito ba. Ka gwada a kwamfutarka, komai lafiya lau. Abin da zai fishe ka shi ne log, wato kundin da manhaja ke rubuta abin da ya faru a cikinta, muddin ka tsara shi tun kafin matsalar ta zo.

Fara da matakai, wato yadda ake rarraba saƙonnin log gwargwadon girman abin da ya faru. A Python akwai biyar: DEBUG, INFO, WARNING, ERROR da CRITICAL. Idan ba ka saita komai ba, daga WARNING zuwa sama kaɗai ake rubutawa, shi ya sa sabon mai koyo ke neman saƙonsa na INFO ya rasa. Lokacin gini ka buɗe DEBUG, amma a saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da jama'a ke aiki da ita, INFO ya isa.

Babbar illa ita ce haɗiye kuskure. Wanda ya rubuta except (mai kama kuskure a Python) ya bi shi da pass (wato kada a yi komai) ya kashe shaida da hannunsa, manhaja za ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. A wurin nan ka sa logger.exception, domin tana rubuta saƙonka tare da jerin layukan da aka bi har aka faɗi. Kuma saƙo irin "an samu matsala" ba ya amfanar kowa. Kowane layi ya ɗauki lokaci, da mataki, da sunan fayil, da lambar mai amfani, da lambar cinikin. Ka ba kowace buƙata da ta shigo lambarta ta musamman, ta bi ta daga farko har ƙarshe, sai grep ɗaya, wato umarnin neman kalma cikin fayil, ya tattaro maka labarin biyan kuɗin nan gaba ɗaya.

A kula da agogo. Yawancin saba suna kan UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, Katsina kuwa tana gaba da awa ɗaya. Wanda ya ce abin ya faru ƙarfe 10 na safe, a layukan ƙarfe 9 za ka neme shi.

Akwai abin da bai kamata ya taɓa shiga log ba: kalmar sirri, PIN, BVN, NIN, da cikakkiyar lambar kati. In dole ne, ka bar lambobi 4 na ƙarshe. Wannan amanar mutane ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk mai riƙe irin waɗannan bayanai. Masu Laravel, wato tsarin gina manhaja da PHP, su tabbatar APP_DEBUG yana false a saba, in ba haka ba shafin kuskure zai tona cikin manhajar ga duk wanda ya buɗe.

Log da ba a rage shi yana cika ma'ajiyar saba, daga nan rumbun bayanai ya kasa rubutu, komai ya tsaya. A Python, RotatingFileHandler (mai buɗe sabon fayil idan na baya ya cika) mai MB 10 da kwafi 5 ba zai wuce kusan MB 60 ba. A Laravel, tashar daily tana buɗe sabon fayil kullum cikin storage/logs, tana ajiye na kwana 14.

Wajen karatu, buɗe tail -f, umarnin da ke nuna sababbin layuka suna shigowa, a kan fayil ɗin, ka maimaita abin da mai ƙorafi ya yi kana kallo. Rahoton kuskure na Python daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, sai ka hau sama har ka tarar da fayil ɗin da kai ka rubuta. A Java da Android ka nemi "Caused by" na ƙarshe, can asalin ciwon yake. Idan log ɗin manhaja shiru amma shafi na nuna lambar kuskure 502, leƙa log ɗin nginx, mai miƙa wa manhajar buƙatu, a /var/log/nginx/error.log, wataƙila manhajar ce ta mutu tun ba ta samu damar rubuta komai ba. 504 kuwa na nufin tana raye amma ta yi jinkirin amsa.

Manhajar waya tana da nata sha'ani. Idan ka haɗa wayar Android da kwamfuta ta kebul, umarnin adb logcat *:E zai nuna maka kurakurai zalla. Ga wayoyin da ke hannun jama'a sai Firebase Crashlytics, wanda ke aika rahoto idan an sake buɗe manhajar. Mai POS a ƙauyukan Daura ko Mai'adua, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, rahotonsa na iya makara, don haka ka duba lokacin faɗuwar, kada ka dogara da lokacin isowarsa. Ka kuma ware yankewar intanet a matakin WARNING, kada ta binne ainihin kurakuran.

Kowace safiya ka tace layukan ERROR na jiya, ka yanke lokacin da ke farkonsu, sannan ka bi da sort da uniq -c, masu jera layuka su ƙirga masu kama ɗaya. Idan ka bar lokacin, kowane layi zai fito daban, ba za ka gane wanda ya fi maimaituwa ba. Ka fara gyara wanda ya taɓa kuɗi, ko da sau ɗaya ya bayyana.