Yadda ake sikanin jijiyoyin wuya da na kai ga dattijo mai fama da mantuwa

Idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau da yawa, ko ya riƙa rikicewa a lissafin kuɗin da ya saba yi, iyali sukan ce gigin tsufa ne. Likita kuwa yakan so ya san ko jini yana isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, domin bayan cutar Alzheimer, wadda ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, lalacewar jijiyoyin jini ce ta fi jawo ciwon mantuwa, musamman ga masu hawan jini ko ciwon suga da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki.

Shirin sikanin da ke duba wannan ba shi da wahala. Ba a azumi, ba a allura, kuma na'urar irin wadda ake duba mai juna biyu da ita ce, mai aiki da sautin da kunne ba ya ji. A sa wa mara lafiya riga mai sakakken wuya, a cire rawani ko sarƙa, a tafi da magungunansa da katin awon jininsa. Ya kamata wanda ya fi sabawa da shi ya zauna kusa, saboda mai mantuwa yakan firgita a baƙon wuri, motsi kuwa yana ɓata awon.

Ana farawa da wuya. Mara lafiya zai kwanta rigingine, a karkatar da kansa, a shafa mai sannan a ɗora kan na'urar a kan manyan jijiyoyi biyu masu kai jini ƙwaƙwalwa. Mai aikin zai auna kaurin bangon jijiyar, wanda idan ya kai kusan milimita 1 ake ɗaukarsa ya yi kauri, sannan ya duba ko kitse ya daskare a ciki. Abu na uku shi ne gudun jini. Kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi idan aka matse bakin tiyo, haka jini ke ƙara sauri inda hanya ta ƙuntata. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, gudun da bai kai santimita 125 a daƙiƙa ba yana nuna ƙuncin bai kai rabi ba, wanda ya haura 230 kuma yana nuna ya kai kashi 70 cikin ɗari ko fiye.

Awon cikin kai, wanda wani mai bincike, Rune Aaslid, ya ɓullo da shi a 1982, ana yinsa ta gefen kai tsakanin ido da kunne, inda ƙashi bai da kauri. Iyayen yara masu sikila a Kano sun san shi, domin da shi ake gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar jiki. Wani lokaci akan ce mara lafiya ya riƙe numfashi na daƙiƙa 30 don a ga ko jijiyoyin suna buɗewa. A wasu tsofaffi, musamman mata, ƙashin yakan hana sautin na'urar shiga, kuma wannan ba alamar ciwo ba ce.

Wajen karanta sakamako ne aka fi yin kuskure. Binciken Rotterdam na ƙasar Holan ya nuna a 1997 cewa taurin jijiyoyi yana da alaƙa da ciwon mantuwa, amma sikanin shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon, kuma ƙananan jijiyoyin cikin ƙwaƙwalwa sai hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ke nuna ɓarnarsu sosai. Saboda haka a nemi likita ya haɗa sakamakon da gwajin tunani, a yi gwajin cikin harshen da dattijon ke ji, domin wanda bai yi boko ba yana iya faɗuwa tambayoyin rubutu alhali hankalinsa lafiya lau. Idan an ga ƙunci mai tsanani har aka yi zancen tiyata, iyali su sani manufarta kare shanyewar jiki ce, kada su sa ran za ta dawo da abin da aka manta. Ga akasarin mutane, maganin shi ne daidaita hawan jini da suga, shan maganin rage kitse idan an rubuta, da barin taba. A adana takardar sakamakon, domin da ita za a kwatanta idan likita ya sake neman awon.