Idan Ma'ajiyar Bayanan Kamfani Ta Fara Ciwo, Daga Ina Ake Kama Ta?

Kiran yakan zo ne a gurguje: "Oga, ma'ajiya ta yi nauyi, komai ya tsaya." Mai kiran ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa faifai ne ya mutu. Ni kuwa a shekarun da na yi ina shiga ɗakunan saba, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa kamfani hidima, na ga an fi ɗora wa faifai laifin da ba nasa ba. Tsakanin saba da faifai akwai katin HBA mai haɗa saba da ma'ajiya, da wayar fiba, da suwic mai haɗa wayoyin, da kwantirola mai sarrafa faifan, kuma kowannensu yana iya zama mai laifin. Shi ya sa nake bin hanyar daga ƙasa zuwa sama, kuma ba na taɓa komai sai na karanta.

Abu na farko, kada ka kashe ka kunna. Yin haka yakan share shaidar da kake nema, kuma idan akwai bayanan da ba su gama sauka kan faifai ba, kana iya rasa su. Ka fara kwashe kundin rahoton na'urar ka ajiye. Sannan ka yi tambaya uku: yaushe abin ya fara, me aka canza kafin nan, saba nawa ya shafa? Idan saba ɗaya ce ke kuka sauran lafiya lau, matsalar tana wajenta ko a hanyarta. Idan duka ne, ka nufi suwic ko ita ma'ajiyar.

Daga nan sai waya, kuma a nan nake daɗewa. Wata shekara cikin hunturu aka kira ni wani kamfani a Kano. Sabobinsu sukan yi aiki daidai, can sai su sandare na daƙiƙa ashirin ko talatin, su dawo. Shugaban sashen har ya fara maganar sayen sabuwar ma'ajiya. Na shiga suwic ɗinsu ƙirar kamfanin Brocade na buga `porterrshow`. Duk ƙofofin tsaf suke sai guda ɗaya, inda lambobin kurakurai na `crc err` da `enc out` suka yi tsiri. Na share ƙididdigar, na jira minti goma, na sake dubawa: suna ta hawa. Wannan matakin yana da muhimmanci, don tsohuwar lamba tana iya zama ta bara. Sai na buga `sfpshow` a kan ƙofar, na ga hasken da take karɓa ya yi ƙasa sosai idan aka gwada da na maƙwabciyarta mai irin wayarta.

Da na zagaya bayan akwatin sai na gane. An yi gyara makonni biyu kafin nan, aka zare wayar aka bar bakinta a buɗe a ƙasa, ba murfi, ƙura kuwa ta shigo har kan ƙarfen akwatin ana iya rubutu da yatsa. Zuciyar wayar fiba irin OM3 ko OM4 faɗinta maikiron 50 ne kacal, bai kai kaurin gashin kai ba. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare haske. Na goge bakin da alƙalamin gogewa na fiba, na mayar, lambobin suka tsaya cik. Kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen riga, kuma kada ka leƙa cikin wayar da ido, hasken ba ya ganuwa amma yana cutarwa. Idan gogewa ba ta yi ba, canza wayar, sannan SFP, wato 'yar na'urar da ake cusa bakin wayar a cikinta a ƙofar suwic, ɗaya bayan ɗaya, don ka san wanda ya warkar.

Abin da ya sa suke sandarewa maimakon su yanke gaba ɗaya shi ne hanyar ba ta mutu ba, tana farfaɗowa tana suma. A Linux, `multipath -ll` zai nuna maka hanyoyin: mai lafiya tana cewa `active ready running`, marar lafiya `failed faulty`. Hanyar da ta mutu murus ta fi sauƙi, don saba za ta koma ɗayar. Mai suma tana farkawa ita ce annoba. Idan ka tabbatar ɗayar hanyar tana aiki, rufe ƙofar marar lafiyar da `portdisable` har ka gyara.

Idan kuma LUN, wato yankin ma'ajiya da saba ke gani kamar faifai, ce ta ɓace gaba ɗaya, yawanci bayan an canza kati ne. Kowace ƙofar katin HBA tana da lambar shaidarta da ake kira WWPN, sabon kati sabuwar lamba. Duba ko ya shiga suwic da `switchshow`, ko `show flogi database` a Cisco MDS, sannan ka gyara lambar a tsarin zon, wato jerin da ke faɗa wa suwic wa zai ga wa, ka gyara ta kuma a ma'ajiyar inda aka ba saba izinin ganin LUN. Mutane sukan gyara ɗaya su manta ɗayan.

Masu iSCSI da NFS, wato masu kaiwa ga ma'ajiya ta hanyar sadarwa ta yau da kullum, ciwonku na kullum MTU ne, wato iyakar girman ƙunshin bayanan da hanya ke ɗauka. An sa 9000 a saba da ma'ajiya, aka bar suwic ɗaya a tsakiya kan 1500. Ping na yau da kullum, wato ɗan saƙon gwajin hanya, zai wuce, haɗi zai kama, amma da an fara kwashe babban fayil sai abu ya cije. Gwada da `ping -M do -s 8972` a Linux, ko `vmkping -d -s 8972` a ESXi, manhajar saba ta VMware. An cire 28 daga 9000 ne saboda kan IP da na ICMP, wato bayanan da ake liƙa wa saƙon a gabansa. Idan bai wuce ba, bi suwic-suwic har ka samo shi. Tabbatar kuma ba a toshe ƙofa ta 3260 ta iSCSI, ko 2049 ta NFS, ko 445 ta SMB, tsarin raba jaka na Windows, ba. Idan jama'a sun kasa shiga jakar SMB da suka saba shiga, duba agogo: Kerberos, mai tantance masu shiga, a tsarinsa na asali ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5.

Akwai wani nauyin da ya fi addabar mu da wuta ke ɗaukewa. Karatu yana gudu, rubutu yana rarrafe. Kwantirola tana da batir ko kapasita mai kare bayanan da ke ma'ajiyarta ta wucin gadi. Idan ya raunana, sai ta daina amincewa da kanta, ta koma jiran kowane rubutu ya sauka kan faifai kafin ta amsa. Zafin ɗaki lokacin da na'urar sanyaya iska ta tsaya yana gaggauta mutuwar batirin. Da `iostat -x` za ka ga `w_await`, jiran rubutu, ya yi wa `r_await`, jiran karatu, fintinkau. Kada ka tilasta mata komawa tsohon yanayi ba batir. Wuta na ɗaukewa bayanan sun tafi. Sayi batir.

Leƙa kuma ko rumbun ma'ajiyar ya cika. Saba tana iya nuna maka sarari, alhali a can ƙasa tsofaffin hotunan bayanai, wato kwafin yadda bayanan suke a wani lokaci, da ba a goge ba sun cinye wurin.

Sai yanzu muka iso faifai. RAID tsari ne na haɗa faifai da yawa su zama rukuni ɗaya. RAID 5 tana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 biyu. Idan ɗaya ya faɗi a RAID 5, ba ka da sauran garkuwa, kuma sake gini a manyan faifan yanzu yana iya cin yini guda ko fiye, sauran faifan suna aiki ba hutu. Don haka ka fara tabbatar da kwafin ajiyarka na jiya yana nan kuma yana buɗuwa. Idan biyu ne suka faɗi a RAID 5, kada ka tilasta wa ko ɗaya dawowa, kada ka danna wani abu mai cewa a sake tsara rukunin. Tattara rahoto ka kira kamfanin da ya ƙera na'urar.

Wajen zarewa, kada ka ƙirga da ido. Na taɓa tsayawa bayan wani matashin ma'aikaci, rahoto ya ce gurbi na 4, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya ɗora yatsa kan maɓallin. Na riƙe hannunsa na ce, "Dakata, ƙanena, wannan akwatin daga sifili yake fara ƙirga." Faifan da zai zare lafiyayye ne, a rukunin da ya riga ya rasa ɗaya. Muka koma manhajar muka kunna fitilar nuni ta faifan, ta fara ƙyaftawa a gurbi na gaba. Ya zare shi, muka gwada lambar jikinsa da ta rahoton, ta yi daidai, ya sa sabon. Muka zauna muna kallon ginin yana hawa daga kashi 1 cikin ɗari, ba wanda ya ƙara taɓa akwatin sai washegari da ya kammala.