Darasi na 9: Yadda ake aiki da wayar teburin ofis

Toh jama'a a darasin baya mun gama karanta lambobi daga 0 har 999, yau kuma za mu ɗora su kan wani abu da da yawanku ke gani kullum a wurin aiki amma ba ku taɓa shi sai dai gogewa, wato wayar nan ta kan tebur mai igiya kamar an murɗe ta, wadda manyanmu ke ce ma wayar girke. A ajin nan akwai masinjoji, akwai masu gadi da masu shara da direbobi, wasu a sakatariya wasu a asibiti wasu a otal ko banki a nan cikin Katsina, kuma kusan kowa ya san wannan yanayin: sakatare ya fita sallah, waya na ta ƙara, kai kaɗai ne a ofis, kana kallonta tana kallonka har ta gaji ta yi shiru. Alhali wanda ya iya kira da salula ya riga ya iya rabin aikin, maɓallai huɗu ko biyar ne kawai suka rage mashi.

Masu shekaru a cikinku za su tuna zamanin NITEL, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985, lokacin da layin Katsina ke farawa da 065, na Kano 064, na Kaduna 062, kuma gidan da ke da waya a unguwa sananne ne. Da salula ta shigo a 2001 sai waɗancan layukan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Amma wayar tebur ba ta bar ofis ba, cikinta ne kawai ya canza. Yanzu iri uku za ku fi gani. Akwai ta intakom, wadda igiyarta ke tafiya zuwa wani akwati da ke rarraba layi a cikin ginin, yawanci za ka ga an rubuta Panasonic a jiki. Akwai mai aiki da intanet, tana da ɗan allo kuma igiyarta irin ta kwamfuta ce, su Yealink da Cisco da Grandstream kenan. Sai kuma wadda ake sa ma sim a ƙasa tana da 'yar eriya da batir, ita wannan salula ce kawai ta sa babbar riga, kati ake sa mata kamar kowace waya.

Ɗauki kan wayar ka saurara

Kafin ka danna komi ka ɗaga kan wayar ka kara a kunne, ɓangaren da igiya ta fito shi ne na baki, kar a juya. Za ka ji wata ƙara doguwa mara yankewa, tuuuu, wannan na nufin layi a buɗe yake kana iya kira. In bayan ka danna lamba ka ji tut tut tut da sauri to layin da ka nema ana magana a kai. In kuma shiru ka ji ɗif, duba igiya ko ta zare a baya, in ba ta zare ba to wataƙila wuta ce aka ɗauke. Tsohuwar wayar NITEL daga can ofishinsu take samun wutarta shi ya sa ko NEPA ta ɗauke tana aiki, amma na yanzu in akwatin rarraba layi ko na'urar intanet ba su kan inbata ko sola, da an ɗauke wuta sun mutu sai an tada janareto, kuma mai intanet ɗin tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta dawo hayyacinta, a yi haƙuri da ita.

Lambobin a jere suke kamar na ƙaramar salula mai maɓalli: 1 2 3 a sama, 4 5 6, sai 7 8 9, a ƙasa kuma tauraro da 0 da alamar nan mai kama da tsani. Ku da ke aiki da kalkuleta a kasuwa ku lura, ita 7 8 9 ne a samanta, hannu na iya yaudarar mutum. Sa yatsa a kan 5 ka shafa, za ka ji ɗan ƙurji ƙarami, an yi shi ne don makafi da wanda ke kira cikin duhu, daga shi kake gane sauran: 2 na samanshi, 8 na ƙasanshi.

Lambar ciki da lambar waje

Kowane tebur na da lambarshi gajera, yawanci lamba uku, misali risefshan 101, akanta 104, ofishin darakta 110. Ita ce lambar ciki, in ka kira ta kiran bai fita daga ginin ba kuma ba a cin ko sisi. Ka nemi takardar waɗannan lambobin wurin sakatare, ka kwafe da hannunka da manyan baƙaƙe ka manna kusa da wayar, wanda rubutu bai zauna mashi ba tukuna ya sa alama, zanen kuɗi gaban lambar akanta, zanen mota gaban ta direbobi, ba abin kunya ba ne.

Kiran waje kuma sai ka fara neman hanyar fita. A ofisoshi da yawa 9 ake fara dannawa, wasu 0, ka tambaya na wurinku. Ka danna 9 ɗin, ka ji ƙarar layi ta sake zuwa, sannan ka sa lambar salular mutum cikakkiya guda 11 har da sifilin farko. Masu kiran layin girke na manyan ofisoshi su sani daga farkon 2024 hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta ƙara 20 bayan sifili, na Legas da ke farawa da 01 ya koma 0201, na Abuja 0209, na Kano 02064, saboda haka in tsohuwar lamba a jikin takarda ta ƙi shiga ƙila dalilin kenan. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce kuma kyauta ce, amma a wayar ofis ita ma sau da yawa sai ka danna 9 tukuna. Masu 'yan uwa a Maraɗi kuma kar ku wahalar da kanku, yawancin ofisoshi sun toshe kiran ƙasar waje, kuma ko ba su toshe ba akwatin nan yana iya ajiye lissafin wane tebur ya kira wace lamba, ƙarfe nawa, minti nawa aka yi. Kiran gida a yi shi da salula kawai a huta.

Amsa kira

Kar ta wuce ƙara uku. Ka ɗaga, ka yi sallama, ka faɗi sunan wurin, don mai kira bai ganinka bai san ko ya faɗa inda yake nema ba.

"Salamu alaikum, ofishin darakta ne, da wa nake magana?"

"Wa alaikumus salam, daga ofishin kuɗi ne na Daura, yallaɓai na kusa?"

"Yana ciki ranka ya daɗe, ɗan riƙe mani layin in sanar da shi, kar ka kashe."

Kun ga ba a ce "waye?" ba, ba a kuma tsaya ana tambayar gajiya da iyali da sanyi har minti biyu ba, gaisuwa ɗaya ta isa, in dattijo ne ya ja ta sai ka bi shi a hankali. Biro da takarda su zauna kusa da waya kullum. Abu uku ake rubutawa: sunan mai kira, lambarshi, da abin da yake so, sannan ka maimaita mashi lambar ɗaya bayan ɗaya yana ji. Wannan maimaitawar ita ce ke raba ka da faɗan oga.

HOLD da MUTE, inda aka fi samun matsala

A nan nake so mu daɗe, don waɗannan biyun mutane ke haɗawa kuma ba aikinsu ɗaya ba. Ku duba allo ku kwafi baƙaƙen: H O L D. Wasu wayoyin ba rubutu sai sanduna biyu a tsaye irin alamar tsayar da waƙa a salula. In ka danna shi kamar ka zaunar da baƙo a zaure ne ka shiga cikin gida, bai jinka ba ka jinshi, shi kiɗa ko ɗan tit tit yake ji, kuma fitilar layin za ta riƙa ƙiftawa tana tuna maka akwai mutum na jira. In ka dawo sai ka danna wannan maɓallin mai ƙiftawa, a wasu wayoyin kuma HOLD ɗin za ka sake dannawa ko wanda ke ƙarƙashin RESUME a allo. Amma dan Allah kafin ka danna ka faɗa ma mutum, musamman tsofaffi da mutanen karkara, in suka ji kiɗa ba bayani sai su ɗauka layi ya tsinke su kashe. Kuma katinshi na ƙonewa fa duk tsawon jiran nan, in abin zai wuce minti ɗaya ka koma ka ce Baba ba ni lambarka a kira ka, ya fi mutunci.

Shi kuwa M U T E, mai zanen makirfo da aka ja ma layi a tsakiya, bakinka kawai yake rufewa. Kai kana jin mai kira sarai, shi ne bai jinka. Amfaninshi in tari ya taso maka lokacin hunturu, ko za ka tambayi na kusa da kai wani abu da sauri. In yana kunne jar fitila ke kamawa ko alamar ta fito a allo. Ka saba da kallon fitilar nan kafin ka buɗe baki, don akwai wanda ya ɗauka ya danna ashe bai dannu ba, ya juya ya ce ma abokin aikinshi ai mutumin nan mai naci ne ya sake kira, mutumin kuwa na ji da kunnenshi. Rufe bakin waya da tafin hannu ma bai hana a ji, ku daina. Haka in ka ga mai kira na ta halo halo kai kuma kana ta magana bai ji, kar ka ce waya ta lalace, duba MUTE tukuna.

Miƙa kira zuwa wani tebur

Wannan shi ne aikin da in ka iya shi an daina aikenka sama da ƙasa kiran mutane. Maɓallin an rubuta TRANSFER ko a taƙaice TRAN, a ƙananan wayoyin intakom kuma FLASH ko harafin R ne ke yin aikin. Ka ce ma mai kira zan haɗa ka da akanta, lambar cikinshi 104 ce ko da layi zai yanke. Ka danna TRANSFER, ka danna 104, ka jira. In akanta ya ɗaga ka ce "Malam, wata Hajiya ce kan maganar fansho, in haɗa ku?" In ya ce toh, a Panasonic yawanci ajiye kan wayar kawai za ka yi sun haɗu, a masu intanet kuma sai ka sake danna TRANSFER. In bai ɗaga ba ko ya ce yana mitin, kar ka ajiye, ka koma kan mai kira ta maɓallin da ke ƙiftawa ka karɓi saƙo. Ana iya tura kira a ajiye ba tare da an jira ba, wayar ta yarda da haka, amma ni ban so ku saba da shi, in teburin ba kowa baiwar Allah nan za ta yi ta jin ƙara har ta gaji, ta sake kira, ta sake bayani daga farko.

Sauran ba su da wuya. Mai zanen lasifika ko SPEAKER na fiddo murya kowa ya ji, kar ka kunna sai ka gaya ma mai kira akwai mutane, kuma banda maganar albashi ko rashin lafiyar wani. REDIAL na sake kiran lambar ƙarshe da aka kira a wayar, ko ba kai ka kira ba. CONF na haɗa mutum uku a layi ɗaya. Alamar + da - na ƙara murya ko rage ta. DND kuwa hana kira shigowa yake, masu shara ku kula da shi sosai don tsumma na danna shi ba a sani ba, a wuni ana cewa ofis ba kowa. A goge waya da busasshen ƙyalle, ba a fesa mata ruwa, in an tashi a rufe ta saboda ƙurar Katsina ba ta da wasa, kuma bayan kowane kira ka tabbata kan wayar ya zauna daram a gurbinshi, in ya karkace duk mai nemanku zai ji layi a cike.

Aikin aji

Ku kasu uku uku. Ɗaya mai kira daga Daura yana neman akanta, ɗaya masinja a 101, ɗaya akanta a 104. Malamin aji zai zana fuskar waya a kwali, masinja ya amsa da sallama, ya rubuta suna da lamba, ya nuna da yatsa wane maɓalli zai danna a kowane mataki yana faɗin baƙaƙenshi da ƙarfi. A zagaye na biyu akanta ya ce yana mitin, mu ga yadda masinja zai koma kan mai kira ba tare da ya yanke shi ba. Sai a canza wuri har kowa ya zauna a 101.

Na gida kuma: gobe in ka je aiki ka kwafo duk kalmomin da ke jikin wayar ofishinku yadda suke, ka tambayi sakatare lambar fita waje 9 ce ko 0, ka rubuto lambobin ciki guda 5 da sunan ofishin kowace. Wanda babu irin wayar a wurin aikinshi ya zauna da wanda ke da ita su yi tare, a kawo ranar darasi na gaba.