Yadda za a sa jama'a su buɗe baki su yi waƙa a sujada

'Yan'uwa da yawa suna ta tambayata wai ya za a yi ikilisiya duka ta riƙa waƙa, ba 'yan kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, kaɗai ba. To ga yadda nake yi.

1. Zaɓi waƙa mai gajeren amshi.
2. Sauke muryar ƙasa, yadda su Baba da Mama na bencin baya za su kai.
3. Koya wa Zumuntar Mata ranar taronsu, gaskiya in su suka riƙe ta to rabin aikin ya ƙare.
4. Ran Lahadi karanta baitin farko a hankali, ba kowa ke da littafi a hannu ba.
5. Rera layi ɗaya, su maimaita.
6. Sa a rage ƙarar kiɗa. Hattara, nan ake yawan kuskure! In ganga da jita suka danne komai mutum ba ya jin muryarsa balle ta na kusa da shi, sai kawai ka ga ya naɗe hannu yana kallo, abin yana min ciwo sosai.
7. In an zo amshi janye makirfo daga bakinka.
8. Maimaita waƙar Lahadi uku a jere kafin ka kawo sabuwa.