Masu neman farin haƙori, ku yi hattara da lemon tsami

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu dirje haƙori da gawayi ko lemon tsami da bakar hodar girki wai ya yi fari, ku bari haka nan. Ni ma na yi wannan shirmen kafin bikin ƙanwata, sati 2 ban iya shan ruwan randa ba, haƙora na ta tsami kamar ana soka min allura. Da na je ɓangaren haƙori a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya likita ya ce farin ɓawon nan na saman haƙori in ya cinye ba ya dawowa, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa ne, to kun ga garin neman gira an rasa ido kenan.

In jan goro ne ko shayi ya kama maka haƙori, wankin haƙori ake yi da na'ura, ba ya ɗaukar awa ɗaya ma, datti mai taurin nan na gindin dasashi duk ya fita. A gida kuma buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), minti 2 safe da dare, na daren nan ya fi muhimmanci amma shi muke tsallakewa. Buroshi ya yi wata 3 a canza shi.