Yadda Ake Samun Isasshen Ruwan Zafi Daga Tankin Hita A Gidajen Ingila

Yawancin ɗalibai da ma'aikatan da suka kama hayar gida marar gas a Ingila suna tarar da wani tanki tsaye a ƙaramin kabad, kusa da banɗaki ko a lungun shiga gida. Shi ne ke ba da ruwan zafi. Ƙorafin da aka fi ji a kansa shi ne mutum na farko ya yi wanka lafiya, na biyu ya sha ruwan ƙanƙara. Sau da yawa tankin lafiyarsa lau. Ba ya dafa ruwa lokacin da ka buɗe famfo, ajiya yake yi, kuma abin da aka ajiye ne kawai za a ɗiba.

Da farko buɗe kabad ɗin ka duba takardar da ke manne a jikin tankin, za ka ga yawan litar da yake ci. Na ƙananan gidaje yawanci tsakanin lita 120 ne zuwa 210. Sannan ƙirga hita nawa ke jikinsa. Za ka gane su da murfi zagayayye wanda wayar wuta ta shiga cikinsa. Idan biyu ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, to a nan maganar take.

Duk wanda ya taɓa tsoma hita a bokiti ya san saman ruwan kan yi zafi har ya ƙona yatsa, ƙasan kuwa yana nan da sanyinsa. Haka tankin yake. Ruwan zafi sama yake hawa, kuma hita ba ta dafa abin da ke ƙasa da ita. Saboda haka hitar ƙasa ce ke dafa tankin gaba ɗaya, ta sama kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai take ɗumamawa. Ruwan sanyi ta ƙasa yake shigowa, na zafi ta sama yake fita. Wanda ke ta danna makunnin hitar sama kullum yana zaton ya cika tanki, ruwan wankan mutum ɗaya ya dafa, kuma a farashin wuta mafi tsada.

Sai ka nemo makunnan a bango. Wanda aka rubuta wa "Off Peak" na hitar ƙasa ne, wanda aka rubuta wa "Boost" na sama ne. Na farkon a bar shi a kunne dare da rana. Kada ka damu idan fitilarsa ba ta kama da rana ba, a gidaje da yawa wuta ba ta zuwa masa sai dare ya yi. Tsarin da ake kira Economy 7 ke nan: awa 7 na wuta mai araha cikin dare, galibi daga wajen sha biyun dare zuwa bakwai na safe, amma lokacin ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Tambayi kamfanin wutarka ainihin awanninka. Idan agogo ne ke kunna hitar, daidaita shi da waɗannan awanni, kuma ka sake duba shi a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba lokacin da ake sauya agogon ƙasar, domin wasu mitoci ba sa bin sauyin.

Yanzu lissafi, wanda shi ne zai raba gardama tsakanin mutanen gida. Hitar waɗannan tankuna kilowat 3 ce. Ɗaga zafin lita 150 daga digiri 10 zuwa 60 yana cin wuta kusan yunit 9, wato wajen awa uku hita na aiki. Awa 7 na dare sun isa har da ragi. Amma in an ƙarar da ruwan da safe, danna "Boost" na minti goma ba zai yi komai ba. Sai an ba shi kusan awa guda kafin saman tankin ya yi zafin kirki. Mai son wanka bayan la'asar ya danna tun yana cin abinci.

Ta ɓangaren amfani da ruwan kuma, ba wanda ke wanka da ruwa mai digiri 60, ana surka shi ya sauko kusan 40. Lita 150 na zafi idan an surka suna ba da wajen lita 250 na ruwan wanka a lokacin sanyi. Shawar da ke zubar da lita 10 a minti, in mutum ya tsaya ƙarƙashinta minti goma, ya kwashe lita 60 daga tankin. Mutum biyu sun yi haka, na uku sai rabi. Ka gwada taka shawar: tara bokiti na minti ɗaya ka ga abin da ya taru. In ya wuce lita 10, sayi kan shawa mai rage zubar ruwa, ba shi da tsada kuma da hannu ake ɗaura shi. A ganina ma bokiti da moɗa sun fi kowace dabara. Bokiti mai lita 15 bai wuce lita 9 na ruwan zafi yake ci ba, ga shi mutum ya fito tas. Haka alwala da wanke-wanke: barin famfon zafi yana kwarara shi ke cinye tanki ba a sani ba. A toshe wurin wanke kwanuka a tara ruwa, a yi alwala da buta.

Idan duk an yi wannan amma ruwan ɗumi-ɗumi ne tun da asuba, sai a duba na'urar daidaita zafi da ke ƙarƙashin murfin hitar. A digiri 60 ake so ta tsaya. Wasu na rage ta don tsimin kuɗi, hakan kuskure ne ta fuska biyu: ruwan surki zai ragu, kuma ƙwayar cutar Legionella tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi. Wuce 65 kuma yana ƙara haɗarin ƙona fata, abin tsoro ne a gidan da ke da yara. A jikin na'urar akwai ɗan maɓalli da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, in ya yanke hita ba za ta sake aiki ba sai an danna shi. Sai dai a ƙarƙashin murfin nan akwai wuta mai ƙarfin volt 230. In ba aikinka ba ne, kar ka buɗe. Ko mai aikin sai ya kashe wutar daga babban akwatin gida tukuna.

Alamar cewa hitar ƙasa ta mutu a bayyane take: da safe ruwa sanyi, amma in ka danna "Boost" ka samu. A Landan da kudu maso gabashin Ingila ruwan famfo yana da alli da yawa, irin farin abin da kake gani a cikin butar shayi. Shi ne ke lulluɓe hita har ta ƙone. In haya kake, gyaran ba naka ba ne. Dokar haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida nauyin kula da kayan dafa ruwa. Rubuta masa ko wakilinsa saƙo, ka faɗi abin da ka gwada da abin da ka gani, ka ajiye kwafi. Tankin da ke haɗe kai tsaye da matsin ruwan famfo, mai ɗan ƙaramin tulu a samansa ko gefensa, sai mai takardar ƙwarewa ta G3 ke taɓa shi.

Tsohon tankin jan ƙarfe da ke tsirara kuwa zafinsa yake zubarwa cikin kabad duk yini. Ana sayar da rigarsa mai kaurin milimita 80 a shagunan kayan gini, a naɗe shi da ita amma kar a rufe kan hitar, a sa wa bututun da ke fita ta sama soso. In kuma ka ji tankin yana ruri kamar tafasa, ko ruwan zafi na fitowa ta famfon sanyi, kashe makunnan biyu nan take ka kira mai gyara.